Jelani Aliyu: Basakkwacen da Ya Zana Motar Lantarki a Amurka

Duk ranar Laraba motocin kaya kan yi cincirindo a Kasuwar Oil Mill da ke Fatakwal. Tun da aka janye tallafin man fetur a shekarar 2023, kuɗin mota ya zame wa fataken Arewa ƙarfen ƙafa. Saboda haka aikin Malam Jelani Aliyu ya shafe su.

An haifi Jelani, ɗan asalin Sakkwato, a Kaduna cikin 1966. Ya karanci zanen gine-gine a Birnin Kebbi, kana ya ƙware kan zanen motoci a birnin Detroit na Amurka. A 1994 kamfanin General Motors ya ɗauke shi aiki, inda ya zana siffar samfurin Chevrolet Volt mai amfani da lantarki, wanda aka baje kolinsa a 2007.

Daga 2017 zuwa 2023 ya shugabanci hukumar NADDC mai kula da ƙera motoci, wadda ta buɗe tashar cajin motoci da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021.

Sai dai kafin motar lantarki ta kawo albasa daga Sakkwato zuwa Fatakwal, tilas a sami masu zuba jari su gina irin waɗannan tashoshi a kan hanya.