Ciwon Ƙarancin Ƙwayoyin Tsai da Jini

A cikin jinin ɗan Adam akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da ɓargo yake ƙerawa. Aikinsu shi ne toshe rauni don jini ya tsaya. Mai lafiya yana da dubu 150 zuwa dubu 450 a ɗan mitsitsin ɗigon da ake aunawa. Wani lokaci garkuwar jiki, wadda ke yaƙar cututtuka, takan ɓata hanya ta auka wa waɗannan ƙwayoyi, saifa kuma ta hallaka su. Idan suka gaza dubu 100 ba tare da wani dalili dabam ba, ciwon da likitoci ke kira PTI ke nan. Wani likita Bajamushe, Werlhof, ya bayyana shi tun 1735.

Alamominsa su ne haɓo mai wuyar tsayawa, jini daga dasashi, kwanciyar jini a fata ba tare da bugu ba, da ƙananan ɗige-ɗige a ƙwauri. Ga baƙar fata ba su cika fitowa fili ba, sai a duba cikin baki. Mata kuwa jinin al'ada yakan yi musu yawa.

Ciwon ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Yara sukan same shi bayan mura ko baƙon dauro, mafi yawansu kuma sukan warke cikin wata 6. Ga manya yakan daɗe.

A kwarin Kumadugu, inda ake noman tattasai da shinkafa, sauro ya yawaita, zazzaɓin cizonsa ma yana rage waɗannan ƙwayoyi. Saboda haka ido kaɗai ba ya rarrabewa. Sai an je babban asibitin Difa an auna jini.

Ga abin kiyayewa. Kada a sayi asfirin a kasuwa a ba mai wannan ciwo, domin yana ƙara zubar jini. Kada a kai shi wurin wanzami don ƙaho, ko kaciya, ko cire beli, sai likita ya yarda. Mace mai ciki ta haihu a asibiti. Idan ya bugu a kai, ko ciwon kai mai tsanani ya kama shi, a gaggauta kai shi ko da tsakar dare ne, don jini yana iya zuba cikin ƙwaƙwalwa.

Akwai maganin da ke lafar da garkuwar jiki ƙwayoyin su ƙaru, amma likita ne kaɗai ke tsara shansa. Allah ya ƙara mana lafiya.