Ƙwallon Keke da Gwanayensa: Jan da Jindrich Pospisil

Gabatarwa

A ƙasar Hausa an san keke da ɗaukar kaya da rage nisan tafiya. Duk wanda ya bi hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi da kaka, ya ratsa ta Karfi, zai ga manoma sun ɗaura buhun masara ko ƙunshin auduga a bayan keke, sun nufi kasuwa. Amma a wasu ƙasashen Turai an mai da wannan abin hawa kayan wasan ƙwallo, har ana yin gasarsa ta duniya kowace shekara. Jamusawa suna kiran wasan Radball, mutanen Cek suna ce masa kolova, mu kuwa a nan za mu kira shi ƙwallon keke. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda ake yin wasan, sa'an nan ta duba rayuwar wasa ta wasu 'yan'uwa biyu, Jan da Jindrich Pospisil, waɗanda suka ci gasar duniya har sau 20, domin a gane abin da ya sa suka daɗe suna cin nasara haka.

Asalin Wasan

Ana danganta ƙago wannan wasa ga Nicholas Edward Kaufmann, wani Ba'amurke, wanda ya shahara wajen nuna bajinta a kan keke a ƙarshen ƙarni na 19. Ana ba da labari cewa wata rana wani ɗan kare ya gitta masa, sai ya sa ƙafar keken ta gaba ya kawar da shi gefe a hankali, daga nan tunani ya zo masa cewa abin da aka yi wa kare ana iya yi wa ƙwallo. Ko da yake a Amurka aka haifi wasan, a Turai ya yi saiwa, musamman a Jamus da Suwizalan da Ostiriya da ƙasar Cek da Beljiyam da Faransa, daga baya ya kai har Japan. An yi gasar duniya a birnin Leipzig na Jamus a 1930, kuma hukumar wasannin keke ta duniya, watau UCI, ita ce take kula da dokokinsa.

Yadda Ake Yin Sa

A cikin ɗaki ake yin wasan, a fili mai tsawon mita 14 da faɗin mita 11, wanda aka kewaye da katako mai tsayin santimita 30 don kada ƙwallo ta fice. Filin ƙwallon ƙafa ɗaya zai haɗiye irin wannan fili fiye da sau arba'in. Raga kuwa mita 2 ce a tsaye, mita 2 a kwance. Mutum biyu ne a kowane ɓangare, ana yin minti 7 a huta, a sake yin minti 7, shi ke nan an tashi. Ƙwallon ƙarama ce, faɗinta santimita 17 zuwa 18, amma tana da nauyin giram 500 zuwa 600, domin gashin dabba ake cusa mata a maimakon iska, saboda haka ba ta yawan tsalle.

Keken wasan ya bambanta da wanda muka sani. Ba shi da birki. Kacarsa a ɗaure take da ƙafar baya, ta yadda in aka juya feda sau ɗaya ƙafar za ta juya sau ɗaya, in kuma aka juya feda baya keken zai yi baya. Hannuwansa sun miƙe sama kamar ƙahonin sa, sirdinsa kuma an ja shi can baya bisa ƙafar baya, domin mahayi ya iya ɗaga ƙafar gaba cikin sauƙi. Da wannan ƙafa ta gaba ake yawancin bugu: ɗan wasa ya ɗaga ta, ya fizgi hannun keke gefe guda, ƙwallo ta tashi kamar an harba ta da gwafa.

Mai karatu Bakatsine zai so ya kwatanta wannan da wasan folo, wanda Sarkin Katsina Usman Nagogo ya yi suna a kansa. Akwai kama, tun da duka biyu a kan abin hawa ake yin su. Sai dai mai folo yana da sanda a hannu, dokinsa kuma yana tsaye da ƙafafunsa huɗu ko mahayi ya yi sakaci. Mai ƙwallon keke kuwa abin hawansa shi ne sandarsa, kuma da zarar hankalinsa ya gushe, sai faɗuwa.

Babbar dokar wasan ta fi kama da ta langa. Ba a yarda ƙafar ɗan wasa ta taɓa ƙasa ba. Wanda ya dafa ƙasa ya fita daga wasa, ba shi da ikon taɓa ƙwallo sai ya koma ya ƙetare layin ragarsu, sa'an nan ya dawo. Mai tsaron gida kaɗai aka yardar wa ya tare ƙwallo da hannu, shi ma sai yana cikin da'irar gaban ragarsa, ƙafafunsa biyu kuma suna kan feda. Watau tilas ne ya tsai da keke cik a gaban raga, ba ya gaba ba ya baya, yana jiran bugu.

'Yan'uwan Nan Biyu

An haifi Jindrich Pospisil a 1942, ƙanensa Jan kuma a 1945. Mutanen birnin Brno ne, wanda a zamanin wasansu yake cikin ƙasar Cekoslobakiya. Ƙasar ta rabu biyu a farkon 1993, yanzu Brno yana cikin Jamhuriyar Cek. Sun fara cin gasar duniya a 1965 a birnin Prag, lokacin wan yana da shekara 23, ƙanen yana da 20. Nasararsu ta ƙarshe ta zo a 1988 a birnin Ludwigshafen na Jamus ta Yamma, lokacin wan yana da shekara 46, ƙanen yana da 43. Daga 1965 zuwa 1988 an yi gasa 24, sun ci 20, watau sau huɗu kaɗai kambun ya kuɓuce musu. Har yau ba a sami waɗanda suka kamo su ba.

Abin lura a nan shi ne shekarunsu. A dambe ko kokawa, ko ma ƙwallon ƙafa, da wuya a ga mai shekara 46 yana gaban samari, domin ƙarfi da gudu su ne jari, su kuwa shekaru cinye su suke yi. To, me ya sa ƙwallon keke ya bambanta?

Dalilan Daɗewarsu

Dalili na farko yana cikin ƙanƙantar filin da gajartar lokacin. A fili mai mita 14 babu wurin da za a yi wa mutum fintinkau da gudu, a minti 14 kuma ba a cika gajiyar da gwani ba. Abin da ake bukata shi ne mallakar keke: tsayawa cik, ja da baya, juyawa a kan ƙafa ɗaya, da bugu ba tare da jirkicewa ba. Yaro yakan shafe shekaru yana koyon waɗannan kafin a ce ya iya wasa, kuma irin wannan gwaninta ƙaruwa take yi da yau da gobe.

Dalili na biyu, wanda ya fi nauyi, shi ne adadin 'yan wasan. In mutum ɗaya ya yi kuskure a cikin mutum goma sha ɗaya, akwai goma da za su rufa masa asiri. A nan kuwa, in ɗaya ya dafa ƙasa, ɗan'uwansa ya zama shi kaɗai a gaban mutum biyu har sai ya dawo. In an kai hari kuma su biyun suke fita, su bar raga ba kowa, saboda haka miƙa ƙwallo ɗaya da ta kauce tana iya zama ci a kansu. Babu kuma lokacin shawara. Dole kowanne ya san inda ɗan'uwansa zai nufa tun bai motsa ba. Irin wannan sanin juna ba a samunsa a shekara ɗaya ko biyu, su kuwa Jan da Jindrich gida ɗaya suka tashi, suka kuma shafe fiye da shekara ashirin suna gasar duniya tare. Abokan karawarsu suna ta sauyawa, sababbi suna zuwa da ƙuruciya, amma kowane sabon haɗi sai ya faro koyon juna daga tushe.

Tarihin wasan ya ƙarfafa wannan bayani, domin ba su kaɗai ne 'yan gida ɗaya da suka ci duniya ba. Kafin su an yi Karl da Oskar Buchholz na Jamus, bayansu aka yi Jurgen da Werner King, su ma Jamusawa. A 2017 da 2021 kuma Gerhard da Bernd Mlady, waɗanda 'yan dangi ɗaya ne, suka ci wa Jamus gasar. Bahaushe ya ce ɗan'uwa rabin jiki, a wannan wasa kuwa maganar ta tabbata, tun da shi ne rabin rundunar.

Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa tsarin ƙwallon keke, watau ƙaramin fili da gajeren lokaci da mutum biyu kacal, shi ne ya fifita gwaninta da sanin juna a kan ƙarfin ƙuruciya, kuma a kan wannan ne Jan da Jindrich Pospisil suka gina nasarorinsu 20. Akwai kuma darasi ga ɗalibin al'adun Hausa. Mun iya ƙidaya nasarorin waɗannan mutane ne saboda an rubuta dokokin wasansu, an kuma ajiye sunan zakaran kowace shekara. A dandalin Karfi da ƙauyukan da ke kewaye da ita an yi gwanayen langa da kokawa waɗanda sunayensu suke bakin dattawa kaɗai. Tattara waɗannan sunaye, tare da dokokin da suka yi wasa a kansu, aiki ne da ya rataya a wuyanmu tun masu riƙe da labarin suna raye.