Gishirin Kiwon Murjani: Haɗin Gida Ko Na Kamfani?

Masu kiwon murjani cikin akwatunan gilashi a Amurka da Turai kan zaɓi ɗayan biyu: su sayi gishirin ƙari na kamfanoni irin su Red Sea da Seachem, ko su haɗa nasu a gida.

Murjani yana zuƙe kalsiyam da kabonet daga ruwa domin gina ƙashinsa. Saboda haka wajibi ne a riƙa mayar da su, kalsiyam ya tsaya tsakanin miligiram 380 zuwa 450 a kowace lita.

A shekarar 2004 masanin sinadarai Randy Holmes-Farley ya wallafa tsarin haɗin gida da kalsiyam kulorayid da bekin soda, kowanne a mazubinsa, domin in aka gauraya su sai su koma alli.

Haɗin gida ya fi sauƙin kuɗi ƙwarai, musamman ga mai babban akwati. Sai dai kalsiyam kulorayid na narkar da ƙanƙarar hanya ba domin halittun ruwa aka tace shi ba, kuma dauɗarsa tana iya illata murjanin da ya ninka gishirin tsada. Ƙarin kuɗin kamfani ladan tacewa ne da daidaiton awo. Mai ƙaramin akwati kuwa rarar da zai samu kaɗan ce, kuma araha ba ta ado.