Inda Masu Koyon Ƙera Wasan Kwamfuta Ke Cijewa

Matashin da ya sauke manhajar Unity ko Godot da safe, ya bi bidiyon koyarwa na awa biyu a YouTube, kafin magariba zai ga ɗan mutum-mutuminsa yana tsalle a fuskar kwamfuta. Bayan mako uku, ranar da ya buɗe sabon aiki babu mai jan sa, sai hannu ya tsaya cak. A nan ne da yawa suke ajiye harkar, bayan sun ƙona kuɗin data da watanni, suna zaton basira ce ba su da ita.

A ganina zargin kai ne marar tushe. Mai bidiyon ya gama yanke kowace shawara kafin ya kunna kyamara, ɗalibi kwafa kawai ya yi. Ya iya danna maɓallai, amma bai taɓa zama da matsalar da ba wanda ya warware masa ba.

Mu ɗauki dara. Ramuka 30, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wanda ya jera uku ya ci ɗan abokin karawarsa. Yaro ma ya san wannan. To, a gwada faɗa wa kwamfuta. Yaya za ta gane an jera uku a tsaye ko a kwance? Ina za ta adana matsayin wasan idan an kira wayar ana tsaka da yi? Uwa uba, idan ita ce abokiyar karawa, dole ta hango motsi da yawa a gaba, kuma kowane mataki ɗaya da aka ƙara mata yana ninka lissafin, har ƙaramar waya ta fara zafi. Wasan da ke sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa kuwa, duk lissafin hoto guda sai ya ƙare cikin kusan kashi 16 cikin dubu na daƙiƙa. Nan ne darasin tsara bayanai da aka yi wa riƙon sakainar kashi a aji yake dawowa neman bashinsa.

Su ma gwanayen sun sha wannan wuya. Eric Barone na Amurka yana da digiri a kimiyyar kwamfuta, duk da haka sai da ya shafe shekara huɗu da rabi shi kaɗai kafin Stardew Valley ya fito a 2016, yana rushe zanensa yana sakewa.

Abin da zan ba ɗalibanmu shawara a kai shi ne su rage buri, su kammala ƙaramin abu. Ana gudanar da Global Game Jam kowace Janairu, inda ake ba mahalarta awa 48 su fitar da wasa, ko ya yi kyau ko bai yi ba. Sassan kimiyyar kwamfuta na jami'o'inmu na iya shirya irinsa da ɗaki ɗaya da janareta. Wanda ya ƙera darar, ya miƙa wayar ga dattijon da ke buga ta a gindin bishiya. Cikin minti biyar zai nuna masa dokar da ya manta.