Gyara da La'ada a Kasuwannin Meiganga

Meiganga, babban garin gundumar Mbere a jihar Adamawa ta Kamaru, tana kan hanyar da ta taso daga Ngaundere ta nufi Garwa-Bulai, ba nisa da iyakar Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, kuma wannan matsayi ne ya haɗa manoman Gbaya masu rogo da zuma da Fulani makiyaya da fataken Hausawa a kasuwa guda. Inda masu saye da sayarwa suka bambanta a harshe da asali, farashi kaɗai ba ya ƙulla ciniki mai ɗorewa, sai an haɗa da ɗan ihsanin da ke jawo zuciya.

Mafi sauƙin wannan ihsani shi ne gyara, wato ɗan ƙarin da mai awon garin rogo ko gyaɗa ke ɗibowa da hannu bayan kwano ya cika. Ba ta da ƙayyadadden ma'auni, ba a kuma lissafa ta cikin kuɗin kaya, amma da ita mai sayarwa ke sayen dawowar mai saye a kasuwa ta gaba.

A kara, wato kasuwar dabbobi, musamman ta Ngawi da ke bakin iyaka, al'amarin ya fi nauyi, domin kuɗin sefa da ke sauya hannu suna da yawa. Dillali yana cin la'ada, wadda ita ce ladan shiga tsakani, don haka ba ya barin tayi ya mutu a kan "albarka" sai ya lallashi mai shanu ya ce ya sallama. Mai masauki kuwa yakan ba baƙon falke ɗaki da abinci ba tare da ya nemi ko sisi ba, bisa fahimtar cewa ta hannunsa za a sayar da garken, shi ne kuma zai tsaya idan an bayar bashi. Tun daga 2013, da rikicin Afirka ta Tsakiya ya koro makiyaya da yawa zuwa wannan yanki, irin wannan tsayayye ya ƙara daraja.

Abin da ya cancanci zargi shi ne kuɗin da wasu masu sari ke miƙa wa manomi lokacin da rumbu ya yi ƙasa, da sunan taimako, bisa sharaɗin zai biya da amfanin gona a farashin kaka, lokacin da hatsi ya fi araha. Mai karɓar gyara yana iya komawa wata rumfa gobe, amma manomin da ya ci waɗannan kuɗi ya riga ya rasa ikon yin ciniki a kan abin da ya noma.