Magungunan Daina Shan Taba da Matsayinsu a Ƙasar Maradun

1.0 Gabatarwa

Taba tsohuwar abu ce a ƙasar Hausa. Tun kafin sigari ya zama ruwan dare ana shan ta a lofe, ana shaƙar garinta, mata kuma suna goge haƙora da furenta. Manufar wannan takarda ita ce bayyana magungunan da likita kan rubuta wa mai son rabuwa da taba, da abin da ya kamata mutumin Maradun, ko Bakura, ko Talatar Mafara ya sani kafin ya neme su.

2.0 Dalilin Wuyar Dainawa

A cikin ganyen taba akwai sinadarin nikotin, wanda kan isa ƙwaƙwalwa cikin 'yan daƙiƙoƙi bayan an zuƙi hayaƙi. Da zarar ƙwaƙwalwa ta saba da shi, rashinsa kan haifar da fushi, da rashin barci, da matsanancin kwaɗayin taba, musamman a makon farko. Watau ke nan, ba raunin zuciya kaɗai ke mayar da mutum ruwa ba, jiki ne ke neman abin da ya saba.

3.0 Ire-iren Magungunan

A shekarar 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorarta ta farko kan wannan magani, inda ta amince da iri huɗu.

Na farko shi ne nikotin ɗin kansa, ba tare da hayaƙi ba, a cikin cingam ko filastar da ake manna wa fata. Akan rage yawansa sannu a hankali.

Na biyu shi ne bupropion, wanda Amurka ta amince da shi don wannan aiki a 1997. Asalinsa maganin ciwon damuwa ne. Yana rage kwaɗayin taba, amma ba a ba mai farfaɗiya, domin yana iya tayar da ita.

Na uku shi ne varenicline, wanda ya fito a 2006. Yakan zauna a gurbin da nikotin ke kamawa a ƙwaƙwalwa, ya kwantar da kwaɗayi, ya kuma dushe daɗin sigari. Akan fara shi mako guda kafin ranar dainawa, a sha mako 12. Yakan kawo tashin zuciya, kuma akan rage wa mai ciwon ƙoda mai tsanani.

Na huɗu shi ne cytisine, wanda ake samu daga tsiro, aka kuma daɗe ana amfani da shi a Gabashin Turai tun shekarun 1960. Kwana 25 ake shan sa, kuma ya fi varenicline araha.

4.0 Halin da Ake Ciki a Karkara

Nijeriya ta kafa dokar taƙaita taba a 2015, amma doka ba ta cire kwaɗayi daga jikin wanda ya riga ya kamu. A karkara kuwa, mai kyamis ya fi likita kusa, alhali ba shi da izinin sayar da maganin da sai likita ya rubuta. Haɗarin a fili yake: mai farfaɗiya, ko mace mai ciki, na iya shan abin da zai cuce su. Hanya mafi aminci ita ce zuwa babban asibitin Maradun ko na Talatar Mafara, a duba lafiyar mutum tukuna.

5.0 Kammalawa

Magani ya fi aiki idan an haɗa shi da shawarar ma'aikacin lafiya da goyon bayan iyali. Saboda haka ya kyautu malaman makaranta da na asibiti su riƙa sanar da jama'a cewa sabon taba ciwo ne mai magani, kuma wanda ya gwada ya kasa yana iya sake gwadawa.