Shan Mai a Motar da ke Jan Kaya: Abin da Direba da Mai Mota Ya Kamata Su Sani

Motar da ke jan tirela, ko wadda aka yi wa lodi mai nauyi, tana shan mai fiye da wadda ke tafiya wayam. Abubuwa huɗu ne ke yanke yawan abin da za ta sha: nauyin kaya, gudun da ake yi da ita, lafiyar taya da inji, sai kuma ƙafar direba. Sanin waɗannan ya zama dole a ƙasar noma irin ta Karaye da Rogo, inda da zarar kaka ta yi ake kwashe masara da dawa da shinkafa da waken suya daga garuruwa irin su Unguwar Hajji da Turawa da Yammedi da Zarewa da Fulatan, a kai su kasuwannin kusa ko a wuce da su Dawanau. Da rani kuma amfanin masu noman rani na kewayen madatsar ruwa ta Challawa ne ke hawa mota. Tarakta da tirelarta, da akori-kura, da kanta, da manyan tireloli irin su DAF da Howo, kowacce tana da rabonta a wannan jigila.

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 a Kano cikin 'yan kwanaki, kuma a watan Oktoba na 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. Man dizal, wanda direbobi ke kira gas, dama ya daɗe ba shi da tallafi. Duk litar da ta ƙone a banza tana komawa kan kuɗin dakon buhu, manomi ya biya wani ɓangare, mai awo a kasuwa ya biya sauran.

Yadda ake haɗa tirela da mota

Haɗin iri biyu ne. Na farko shi ne wanda ake maƙala sandar tirela a bayan abin da ke ja, kamar yadda ake yi wa tarakta. Na biyu shi ne na manyan tireloli, inda gaban bodi ke hawa kan wani faffaɗan faifan ƙarfe da ke saman tayoyin baya na kan mota, wani kakkauran ƙarfe ya shiga tsakiyarsa ya kulle. Wani maƙeri mai suna August Fruehauf ne ya ƙera tirelar da ke ɗora gabanta a kan mota a birnin Ditiroyit na Amurka a 1914. A can har yau ana kafa irin wannan faifai a bayan akori-kura domin jan ɗakunan kwana masu taya da ake tafiya hutu da su, kuma masu irin waɗannan motoci sun san cewa shan mai yakan kusan ninkawa da zarar an haɗa ɗakin.

Haɗi na biyu ya fi natsuwa a hanya, domin nauyi yana sauka a kan tayoyin da ke ja. A haɗi na farko, ƙa'idar ita ce kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin tirela ya danne wurin maƙalawa, wato a fi jibga kaya a gaban tayoyinta. Idan kaya suka rinjaya baya, tirela takan yi ta lilo hagu da dama, direba ya yi ta taka birki yana ƙara wuta, mai yana ƙonewa, haɗari kuma yana kusa.

Nauyi

Nauyi yana cin mai ta hanya uku. Inji yana buƙatar ƙarfi kafin ya motsa kaya daga tsaye, yana buƙatarsa wajen hawa tudu, sannan taya tana ƙara dannuwa a ƙasa gwargwadon abin da aka ɗora mata. A kan titi mai kyau a Turai, tirela mai nauyin tan 40 tana shan kimanin lita 30 zuwa 35 a kowace kilomita 100. A hanyar burji mai gargada da ramuka, inda ake yawan rage gudu da sauya giya, shan mai yana wuce haka, ya fi muni kuma idan yashi ko taɓo ya kama taya.

Gaskiya ne cewa cika mota daidai ƙarfinta ya fi araha a kan kowane buhu, domin mota ko wayam take sai ta sha mai. Wannan ne ke ruɗin wasu su zarce iyaka, su ɗora buhu ɗari da hamsin a motar da aka ƙera don ɗari. Daga nan lissafi yake juyawa. Mota takan maƙale a ƙaramar giya, inji ya yi zafi, kuloci ya ƙone, sifirin ya karye, taya ta fashe. Titi ma yana ɗanɗana kuɗarsa. Gwajin da aka yi a jihar Ilinoyi ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa idan aka ninka nauyin da ke kan layin taya ɗaya, ɓarnar da yake yi wa kwalta tana ninkawa kusan sau 16. Ramukan da lodin wuce kima ya haƙa bana, su ne za su sha man kowace mota baɗi.

Tafiya wayam ma asara ce. Motar da ta kai hatsi Kano ta dawo ba komai ta ƙona mai ba tare da ta samo ko sisi ba. Shirya lodin dawowa tun kafin a tashi, ko taki ne ko siminti ko kayan shago, yana raba kuɗin mai gida biyu.

Gudu da iska

Iskar da mota ke tsagawa tana tura ta baya, kuma turin yana ƙaruwa fiye da yadda gudu ke ƙaruwa. Idan aka ninka gudu, turin iska yana ninkawa sau huɗu. Wanda ya tashi daga kilomita 60 a awa zuwa 80 ya ƙara wa motarsa turin iska da kusan kashi 78 cikin 100. Abin da ya samu kuwa bai taka kara ya karya ba: tafiyar kilomita 100 tana cin minti 100 a gudun 60, minti 75 a gudun 80. Minti 25 ke nan aka saya da mai mai tsada, a wurin da sau tari za a je a tarar da layin sauke kaya.

Tsayin lodi da faɗinsa su ma suna shiga lissafi. Buhunan da aka gina har suka zarce kan mota, da karan rake da ya yi fiffike ta gefe, da tamfol da ba a ɗaure da kyau ba yana ta kaɗawa, duk suna kama iska. Lodi ya kamata ya kwanta daidai, a rufe shi, a ja igiya ta yi tsauri.

Dokar hanya ta Nijeriya ta ƙayyade wa tirela da tanka gudun kilomita 45 a cikin gari, 50 a babbar hanya, 60 a tagwayen hanya. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sanya na'urar taƙaita gudu a motocin haya tun watan Fabrairu na 2017. Mai motar da ya bari aka cire wannan na'ura ya buɗe ƙofar ɓarnar mai da hannunsa.

Taya da inji

Tayar da ba ta da isasshiyar iska tana lanƙwasa a kowane juyi, ta yi zafi, ta riƙe mota. Bugun taya da ƙarfe ko da ƙafa ba ya nuna ainihin iskar da ke ciki. A sa mai faci ya auna da geji da safe kafin taya ta ɗauki zafi, a bi adadin da kamfani ya rubuta, har da tayoyin tirela da na ciki waɗanda aka fi mantawa da su. Tayar da ke cinyewa ta gefe ɗaya alama ce ta cewa ƙafafun mota sun karkace, suna jan juna maimakon su tafi tare. Birkin da ke kamawa kuwa ana gane shi idan aka tsaya aka ji wili ɗaya ya fi sauran zafi.

Baƙin hayaƙi daga salansa mai ne da bai ƙone ba. Yawanci matatar iska ce ta toshe ko nozul ya lalace. A lokacin hunturu, da kuma a hanyoyin burji, matatar iska tana cika da ƙura da wuri, don haka tana buƙatar dubawa akai-akai. Juyen baƙin mai a kan lokaci da sauya matatar gas suna kare famfon mai, wanda gyaransa ke da tsada. Akwai kuma al'adar wasu kanikawa ta cire tamostat, wato ɗan makullin da ke daidaita zafin ruwan inji, wai don kada mota ta yi zafi. Injin da aka yi wa haka yana daɗewa bai kai zafin da aka tsara masa ba, kuma inji mai sanyi ya fi shan mai, ya fi saurin cinyewa. Idan mota tana zafi, lagireto da fanka da famfon ruwa ya kamata a bincika.

Ƙafar direba

Direbobi biyu za su bi hanya ɗaya da mota ɗaya da lodi ɗaya, man da za su ƙona ya bambanta. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa tuƙin fizga da taka birki a kai a kai yana rage nisan da lita ke kaiwa a ƙananan motoci da kashi 15 zuwa 30 cikin 100 a babbar hanya. A motar da ke ɗauke da tan-tan na kaya, kowane taka birki na gaggawa zubar da ƙarfin da aka saya da mai ne. Gwanin direba yana hangen rami da shingen jami'ai da kasuwar bakin hanya tun daga nesa, ya ɗaga ƙafa da wuri, ya shiga babbar giya da zarar inji ya iya ɗauka. Mai tarakta da ke jan kaya marasa nauyi shi ma zai rage shan mai idan ya sa giyar sama ya rage totur, matuƙar inji bai fara nishi da hayaƙi ba.

Barin inji a sulo wata kafa ce ta asara. Babbar mota tana ƙona kimanin lita 3 a awa tana tsaye. Jiran lodi na awa biyu a kasuwa lita 6 ke nan. 'Yan mintuna sun isa iskar birki ta taru da safe, mintuna kaɗan kuma sun isa inji ya huce bayan doguwar tafiya kafin a kashe shi.

Dabarun da ke jawo asara

Mafi haɗari a cikinsu ita ce sa mota a firi, ko ma kashe inji gaba ɗaya, a kan gangare. A babbar mota, inji ne ke juya abin da ke tara iskar birki, kuma shi ke sauƙaƙa sitiyari. Idan aka kashe shi, iska tana ƙarewa da kowane taki, sitiyari ya yi tauri. Idan aka sa firi, inji ya daina riƙe mota, nauyin gaba ɗaya ya koma kan birki, ya yi zafi ya daina kamawa. Ribar ma babu ita, domin injin gas da injin fetur na zamani suna yanke mai idan aka ɗaga ƙafa daga totur mota tana cikin giya, alhali a firi sai sun sha na sulo. Garin neman gira ake rasa ido.

Ta biyu ita ce sayen mai mai araha da ba a san asalinsa ba. Man da ya kwana a jarka ko duro yakan ɗauki ruwa da datti, wani kuma an gauraya shi da kananzir ko wani abu daban. Kananzir ba shi da santsin gas, don haka yana cinye famfon mai da nozul. Ko a gidajen mai an taɓa gamuwa da gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin metanol a watan Fabrairu na 2022, wanda ya lalata motoci a Legas da Abuja, balle wanda babu mai sa ido a kansa. Ajiye jarkokin fetur a kan mota ko a tsakiyar buhuna kuma gayyatar gobara ce.

Ta uku ita ce ɗora fasinjoji a saman kaya don a mayar da kuɗin mai. Yana ƙara tsayi da nauyi a sama, yana sa mota saurin kifewa a kwana, kuma idan ta kife mutanen ne ke ƙarƙashin buhuna.

Yadda ake auna shan mai

Auna mai ba ya buƙatar komai sai littafi da biro. A cika tanki fal, a rubuta lambar kilomita, a yi tafiya, a sake cikawa fal a rubuta litar da ta shiga. A misali, motar da ta yi kilomita 240 ta sha lita 60 tana shan lita 25 a kowace kilomita 100. Idan buhu 100 ta ɗauka, kowane buhu ya ci lita 0.6. Idan rage gudu da cika iskar taya suka ceto lita 6 a kowane sawu, sawu goma sun ceto man sawu guda. Motar da agogon kilomitarta ya mutu sai a auna ta da hanya ɗaya da aka saba bi, tarakta kuma da awoyin aiki. Wannan rubutu yana nuna lalacewar inji tun kafin ta yi nisa, yana kuma raba gardama tsakanin mai mota da direba a kan kuɗin mai.

Ya kamata masu motoci su daina matsa wa direbobi da lodin wuce kima da sawu na gaggawa, su kuma riƙa ba da tukuici ga wanda ya rage shan mai. Shugabannin ƙungiyoyin direbobi da 'yan kamasho a tashoshin Karaye da Rogo su hana motar da aka yi wa lodin ganganci tashi, manoma da 'yan kasuwa kuma su haɗa kayansu su cika mota ɗaya daidai ƙarfinta.